Dan Allah a daina tsinke fayil ana cewa gyara ake yi

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in fitar da wani abu da ya tsaya min a rai tun bayan babbar sallah, kuma ka yi haƙuri wasiƙar za ta ɗan yi tsawo.

Ni tsohon akawu ne, a rajista na yi aikina tun ina yaron da ke kai fayil daga tebur zuwa tebur har na zama ni ke riƙe da makullin ɗakin, har Allah ya kawo ritaya. Kwanaki ɗan ƙanwata ya zo min da damuwa, rigimar iyakar gona ce ta gado tsakaninsu da maƙwabta, kuma dattawan garin duk sun tabbatar cewa tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, an taɓa yin wannan shari'ar har hakimi ya je da kansa ya duba iyaka ya rubuto. Nace masa ai indai an rubuta to akwai fayil, tashi mu je. Muka je wata sakatariya da ba zan kama sunanta ba, aka karɓe mu hannu bibbiyu, ma'aikacin yana murna yake gaya mana ai mun zo a sa'a don an gyara sito kwanan baya, an yi wa komai sikanin an zuba a kwamfuta.

Wallahi Malam Edita da na ga gyaran sai da jikina ya yi sanyi. Ashe ɗan kwangila aka ba, shi kuma ya kwaso samari masu ƙwazo, suka bi fayil ɗaya bayan ɗaya suna kwance igiya suna ware takardu, duk wadda ta yi maganar fili ko gona a jefa ta tuli ɗaya, ta haraji da jangali tuli ɗaya, ta naɗin dagaci tuli ɗaya, bangon fayil ɗin kuma da yake ya tsufa ya yage sai aka zubar aka sayo sabbin kwalaye masu kyau. Hotunan da ke kwamfuta kuma babu suna ko ɗaya, lambar da na'ura ta ba su ce kawai, dubbai. Kwana uku muna zuwa muna tonon tulin gonaki, a rana ta uku muka ci karo da wata takarda guda ɗaya da ta yi kama da abin da muke nema, mai rubutun yana cewa ya je ya ga iyaka kuma maganar mai ƙara gaskiya ce, tsamiyar a cikin gonarsa take. To wane ne mai ƙarar? Wane ƙauye? Sunan ƙauyen yana jikin bangon da aka zubar, sunan mai ƙara yana shafin farko, ita kuwa wannan takardar a kusurwarta akwai lamba 14 da jan biro, ma'ana akwai shafi 13 kafin ita da Allah kaɗai ya san tulin da suka faɗa. Takarda tana hannunmu, lafiyarta ƙalau, gara bata taɓa ta ba, amma ba za ta iya yi wa kowa shaida ba.

Ban ga laifin yaran nan ba, abin da aka sa su suka yi kuma a tunaninsu taimako ne. Ba a gaya musu cewa jera takardun tarihi ilimi ne mai ƙa'ida ba, kuma ƙa'idar farko ita ce asali. Takardun da ofis ɗaya ko mutum ɗaya ya tara a cikin aikinsa, ana barinsu tare, ba a cakuɗa su da na wani ofishin ko da kuwa magana ɗaya suke yi. Na ofishin hakimi daban, na kotun alƙali daban, na baitulmali daban. Mu da muka tashi a gaban malamai bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, ai kowa ya san hadisi ba a karɓarsa sai an san wa ya ji daga wa, in ka cire isnadin ka bar matanin zalla to ka rage masa ƙarfi ko da maganar gaskiya ce. Takarda ma haka take, wanda ya rubuta ta, ofishin da ta fito, wanda aka aika wa, da takardun da ke gabanta da bayanta, su ne isnadinta.

Kuma kar wani ya ɗauka mu kaɗai muka taɓa faɗawa wannan ramin. Faransa ma ta faɗa, bayan juyin juya halinsu sun tattaro takardun majami'u da na gidajen sarauta da na hukumomi suka dinga rarraba su bisa maudu'i kamar yadda ake jera littattafai a laburare, sai da suka ga ɓarnar da hakan ke yi sannan a 1841 gwamnati ta fitar da umarni cewa kowane tarin takardu a bar shi da sunan inda ya fito. A 1881 ƙasar Furushiya, wadda yanzu take cikin tarihin Jamus, ta ƙara da cewa har jerin da ofishin ya yi wa takardunsa shima kar a taɓa, sannan a 1898 wasu masana uku 'yan Holan suka rubuta ƙa'idojin a littafi guda wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. Kaga kenan abin ya haura shekara ɗari da sanin duniya.

Wannan ta biyun, wato barin jeri yadda aka same shi, ita ce ta fi ci min rai don ita na yi rayuwata a kai. Wanda bai zauna a rajista ba yana ganin fayil tarin takarda ne kawai da aka huda aka zura wa igiya. A'a. Fayil labari ne daga farko zuwa ƙarshe. Ƙorafi ya shigo a buga masa hatimin ranar da ya iso a ba shi shafi na 1, babba ya yi minti yace a tambayi hakimi, kwafin wasiƙar da aka aika ya zama shafi na 2, amsa ta dawo ta hau kai, wani ya rubuta K.I.V. wato a dakata tukuna, bayan wata uku a sake ɗauko shi, har ranar da za a rubuta P.A. a kai shi ajiya. In ka karanta shi a jere zaka san wa ya ja ƙafa, wa ya canza magana, wace takarda ce aka cire daga baya don lambar shafi za ta yi tsalle daga 21 zuwa 23 kowa ya gani. Ita kanta lambar da ke bangon tana gaya maka sashen da ya buɗe shi da maudu'in da kuma ko kundi na nawa ne, kuma akwai babban littafin rajista da duk lambobin ke ciki. Duk wannan aikin akawuna suka yi shi shekara da shekaru, kyauta ka same shi, sai ka zo rana ɗaya ka warware shi kace zaka yi sabon tsari da kanka, alhali kai baka san ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke cikin takardun ba.

Na san wani zai ce to in an tarar da takardun a zube a ƙasa fa, ɓera ya yi ɗaki a ciki, babu wani jeri? Wannan gaskiya ne yana faruwa, na gani da idona. A nan ne mai aikin zai zauna ya yi haƙuri ya nemi tsohon jerin ta hanyar lambobi da kwanan wata da hannun rubutu, in ya gagara sam sannan ya yi nasa tsarin mai sauƙi, amma ya rubuta a fili cewa ga yadda na same su ga abin da na yi, don na bayansa ya san wane jeri ne na asali wane ne nasa.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya ga amfanin abin da nake faɗa. Wannan hukuma ta samo asali ne daga ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike, wanda ya zagaya ya ga halin da takardun gwamnati ke ciki ya matsa har aka buɗe ofishin adana su a Ibadan a 1954, aka yi masa doka a 1957, aka buɗe rassa a Inugu da Kaduna, sannan aka sabunta dokar a 1992. A Kaduna in kaji ɗalibi yana cewa a kawo masa SNP kaza, to takardun ofishin sakataren lardunan Arewa yake nufi, KANOPROF na ofishin lardin Kano ne, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zazzau. Sunan ofishin da ya haifi takardar shi ne farkon lambarta. Shi ya sa malami a jami'a zai rubuta lambar fayil a ƙasan shafin littafinsa, bayan shekara arba'in wani yaro da ba a haifa ba a lokacin ya je ya cike 'yar takarda a ɗauko masa wannan fayil ɗin dai ya duba ko malamin ya faɗi daidai. Da a ce wani ya zo ya tara duk maganar jangali ta Kano da Sakkwato da Zazzau a kwali ɗaya da wannan hanyar ta toshe.

Sai kuma ɗaya rabin aikin, wato bayani. Jera takardu ba tare da an rubuta me ke ciki ba kamar ka gina rumbu ne ka manta da ƙofa. Malamanmu suna da kalmar, fihirisa. Kuma yadda masana suka tsara shi daga sama ake farowa a gangaro, kamar yadda ake kwatancen gida a birni, sai ka faɗi unguwa tukuna, sannan layi, sannan gidan wane, sannan ɗakin. Da farko a bayyana tarin gaba ɗaya, na wane ofis ne, yaushe aka kafa shi, me yake yi, yaushe aka rushe shi, wa ya gaje shi, takardun daga wace shekara zuwa wace shekara, kwali nawa ne. Sannan a sauko kan rukuni rukuni, littattafan shari'a, rajistar haraji, wasiƙun hakimai. Sannan fayil ɗaya ɗaya. Takarda ɗaya ɗaya kuwa sai in tana da muhimmanci na musamman. Abin da aka faɗa a sama ba a maimaita shi a ƙasa. Majalisar masu adana takardun tarihi ta duniya, wadda aka kafa a 1948, ta fitar da ma'aunin wannan aiki da ake kira ISAD(G) a 1994 ta sabunta shi a 2000, gurabe 26 ne a ciki amma shida ne suka ce lallai kar a rasa: lambar nema, suna, wanda ya tara takardun, shekaru, yawansu, da matakin da ake bayani a kai, shin tarin ne duka ko rukuni ko fayil. Shida kacal Malam Edita. Wannan ko ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta ka samu da fensir zaka iya farawa, ba sai an jira kwamfuta ba.

Tarihin ofishin nan da nace a rubuta, a wajenmu ba ƙaramin abu bane saboda yadda aka yi ta yanka ƙasar nan. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi En'e ta tafi, bayan nan aka yi ta ƙirƙiro jihohi da ƙananan hukumomi, kuma duk lokacin da aka raba sai an raba fayil, wasu a loda a mota su bi sabuwar hedikwata wasu a bar su a tsohuwa. Mutumin da ke neman takardar ɗaukarsa aiki don tantance 'yan fansho, ko mai neman shaidar fili, sau da yawa takardarsa na nan bata ɓata ba, kawai babu wanda ya rubuta cewa fayilolin gunduma kaza suna garin kaza tun shekara kaza. Layi biyu da an rubuta da sun hutar da tsoho hawa mota sau biyar. 'Yan uwanmu na Nijar ma sun san irin wannan, don wasu takardun zamanin Faransa suna Yamai, wasu suna Dakar da yake can ce hedikwatar mulkin yankin a lokacin, wasu suna Faransa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yau ina zaune a ɗakina jikana zai buɗe min waya ya shiga fihirisar gidan adana takardun Ingila da ke Landan, ya rubuta CO 446, jerin wasiƙun da gwamnatin Arewa ta zamanin Lugga ta dinga aikawa ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka ya fito kundi bayan kundi da shekarunsa, amma sakatariyar da ke bayan gidana babu mai iya gaya min me ke cikin sitonta. Alhali dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ɗora wa kowace ma'aikatar gwamnati nauyin tsara bayananta yadda jama'a za su iya samu. To yaya ma'aikaci zai baka abin da shi kansa bai san inda yake ba?

Ba ina ƙin sikanin bane, a fahimce ni. Abu ne mai kyau musamman a ƙasar da ke da gara da yoyon damina da gobara. Amma shi ne na ƙarshe. A jera tukuna, a yi fihirisa, a ba kowane fayil lamba, sannan a ɗauki hoto tun daga bango har shafin ƙarshe a jere har da bayan takarda in akwai rubutu, a sa wa hoton lambar fayil ɗin. Kuma ba sai an tsaya bayyana kowace takarda ba, wasu masana biyu a Amurka sun yi wannan jan hankalin a 2005 cewa gara a yi wa duk abin da ke sito bayani a taƙaice mutane su fara amfana, da a shekara goma ana ƙawata kwali biyar sauran ɗari biyar suna kulle. Mu wannan shawarar ta fi dacewa da mu don ma'aikatan kaɗan ne kuɗin ma kaɗan ne.

Kafin in rufe bari in juyo kan gidajenmu, don ɓarnar da ake yi a zaurukan malamai ta fi ta ofis yawa kuma babu mai magana. Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba, warƙa warƙa ne a cikin tadarishi a zura a gafaka. Mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane jeri, a ƙarshe kuma bayan ya rubuta tammat, wato an kammala, wani lokaci ya sa sunansa da na malaminsa da ranar da ya gama. Malam ya rasu, an zo rabon gado, sai a kasa littattafai kashi kashi kamar ana rabon hatsi, rabin littafi ya tafi Funtuwa rabi ya tafi Maraɗi, shafin da ke da sunan mai kwafin yana hannun wanda bai san darajarsa ba. Wasiƙun da malam ya soka a tsakiyar wani littafi, da ijazar da aka ba shi, da 'yar takardar bashi, sai a zare su a haɗa a leda ɗaya wai an tsaftace, alhali wurin da ya soka wasiƙar ma yana iya nuna maka abin da yake karantawa lokacin da ta iso. Roƙona ga magada, kafin a raba a samu ɗalibi ɗaya cikin almajiran marigayin ya zauna ya rubuta, gafaka ta ɗaya ga abin da ke ciki ga adadin warƙa, ta biyu haka, a rubuta wanda kowace ta faɗa hannunsa, kowane gida ya riƙe kwafi. Gadon ya rabu yadda shari'a tace amma an san inda komai yake. Kuma dan Allah a bar laminetin da salatif da maƙala ƙarfe a jikin tsohuwar takarda, lambar ma da fensir ake sawa. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi shawara, akwai Gidan Arewa a Kaduna da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan Sardauna, akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai hukumar tarihi da al'adu ta Kano, duk suna da mutanen da aikinsu kenan.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da manyan sakatarori da magatakardan kotuna da masarautu kuma, duk wanda ya kawo muku takardar kwangilar sikanin ku tambaye shi wane ƙwararre ne zai tsaya a kan aikin, kuma a rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a kwance fayil a cakuɗa ba, ba za a zubar da bango ba, kuma fihirisa ce za a fara miƙawa kafin a biya kashin farko. Jami'o'inmu suna yaye ɗaliban laburare da na tarihi duk shekara suna zaune babu aiki, a ɗauke su. Sannan tsofaffin akawunan rajista da masinjoji da suka san tsohon tsarin lambobi har yanzu akwai sauranmu a raye, wani in ka nuna masa lamba zai gaya maka sashen da ta fito da shekarar da aka daina amfani da ita, a kira su a zauna da su da littafi da biro a rubuta abin da ke kansu, ni dai ko sisi ba sai an bani ba zan zo.

Shi kuwa ɗan ƙanwata maganarsu ta koma gaban dagaci ana neman sulhu da bakin dattawan da suka rage. Na koma sakatariyar na roƙi alfarma sun yarda in dinga zuwa ranar Talata da Alhamis ina bin tulin nan ina haɗa shafuka da lambar jan biro da hannun rubutu, zuwa yanzu na mayar da fayil tara yadda suke, namu dai shafi na 14 da na 15 kawai na samu tukuna.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon akawun rajista, daga Zariya.